Na gina gida a hanyar Pitoa, Inna ta ƙi zama: in sayar ko in daure?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma don Allah mai niyyar yi mini faɗa ya bari in kai aya tukuna.

Shekara biyu ke nan da na kwashe iyalina daga gidanmu na gado a cikin Garwa, arewacin Kamaru, na koma gidan da na gina a bakin Pitoa. Wanda ya saba bin hanyar Marwa ya san wajen, kamar kilomita 15 ne daga gari, inda 'yan kasuwa da manyan ma'aikata suka yanki filaye suka tada gidaje masu doguwar katanga. Ba zan yi wa Allah butulci ba. Fili ne wadatacce, na dasa mangwaro da lemun tsami da dogon yaro, ina da rijiyar burtsatse, ina da sola. Da safe in na fito ƙofa dutsen Tinguelin nake hangowa. A gidanmu na cikin gari kuwa magidanta huɗu ne a kan banɗaki biyu, kwatar maƙwabta ta ƙofar ɗakina take bi.

Matsalar ita ce Inna. Na gina mata ɗaki da falo da banɗaki nata na kanta, har na'urar sanyi na sa mata saboda zafin Maris da Afrilu. Kwana 19 ta yi. Ran na ashirin na dawo daga kasuwa na tarar ta ƙulle kayanta a zani, tana zaune bakin ƙofa tana jiran mai moto. Na durƙusa na ce Inna me aka yi miki? Ta ce ba wanda ya yi mata komai, kuma wannan ɗin ne damuwarta: kwana 19 ba wanda ya yi sallama ya shigo ya yi mata ko da laifi ne. Ta ce ita ba za a kai ta kabari da ranta ba.

Yanzu tana can tsohon gida, ni ina nan, kullum ina kan hanya. Wani ya taya gidan da daraja. In sayar in koma gari, ko in daure?

Ɗan Yelwa:
Alhaji in za ka sayar ina layi. Amma fa a farashin mai neman kai da kaya.

Maman Iman:
Baban Hanifa, ni maƙwabciyarka ce duk da ba ka san ni ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka gaskiyar Inna. Shekarata uku a nan.

Ku maza ba ku san wajen nan ba. Ƙarfe bakwai kun tada mota, sai bayan isha'i ku dawo ku ce kai, wajen nan akwai natsuwa. Mu da muke wuni a ciki mu muka san ta. Ba 'yar talla da za ta leƙo da ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa. Ba mai kitso sai ka aika gari. In gishiri ya yanke miki ana tsakar girki, ba katangar da za ki leƙa ki ce Adda ɗan sam mini, don katangar ta fi ki tsawo sau biyu, kuma a samanta akwai waya mai ƙaya. Ranar da naƙudar autana ta taso ƙarfe biyun dare maigidan yana Ngaundere. Na kira lambobi huɗu kafin maigadin gidan da ke bayanmu ya taso da motonsa. A kan moto na tafi asibiti, ina riƙe da rigar bawan Allahn da ko sunansa ban sani ba a lokacin.

Sannan ga bakin 'yan uwa. In ba ki je suna ba a ce kin zama matar manya. Ba wanda zai lissafa kuɗin moto zuwa da dawowa, da cewa in magariba ta yi miki a gari sai kin kwana.

Amma in ka tambaye ni ko zan koma gidan yawa, wallahi ba zan koma ba. Shekara tara na yi da faccaloli uku a tsakar gida ɗaya, an yi faɗa a kan igiyar shanya, an yi a kan murhu, an yi a kan wane yaro ya fara dukan wane. A nan hawan jinina ya sauka. Abin da ya yi mini magani shi ne ya zame wa Inna ciwo, don ni gudun mutane na yi, ita kuwa mutane ne abincinta.

Malam Mai Allo:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ta faɗi abin da muke gani. Ni ina zuwa unguwar koyar da yara karatu a gidaje uku. Abin da ya fi ba ni mamaki masallatai ne. Kowane Alhaji ya gina nasa a jikin katangarsa, da tayil da fanka da lasifika. A layi ɗaya na ƙirga biyar. In aka kira asuba sai ka ji kamar gari ya cika, in ka shiga ka tarar da liman da maigadi da wani lebura da ya kwana a kango. Da an haɗa kuɗin nan an gina ɗaya, da sahu ya cika, da kuma kun san fuskokin juna.

Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. To yaya za ka sauke haƙƙin wanda ba ka san ko yana gari ko ya yi tafiya ba? Bara wata dattijuwa ta rasu a layin da nake koyarwa, aka rasa macen da za ta yi mata wanka, sai da aka je cikin gari da mota aka ɗauko. Gidan da ke manne da nasu kuwa a WhatsApp suka ga sanarwar.

Batun Inna kuma ba ya buƙatar doguwar muhawara. Uwa ce. Inda hankalinta ya kwanta nan ne.

Alhaji Mai Taya:
Malam, da girmanka, ban yarda da kai duka ba. Kullum aka tashi maganar nan sai a mayar da mu da muka fita kamar mun yi ridda. Bari in faɗi abin da kowa ya sani yake jin nauyin faɗa: zumuncin nan da ake kuka a kansa, rabinsa roƙo ne. Lokacin da nake cikin gari, kafin in karya mutum shida na zaune a zaure. Wannan matarsa ta haihu, wannan an koro ɗansa daga makaranta, wannan ga takardar magani. In ka bayar yau, gobe ya turo ƙaninsa. Ranar da ka ce babu, ka zama marowaci, har a ce kuɗinka na tsafi ne. Ina fitar da zakka, ina yin abin da ya sawwaƙa, amma ina so in sha kunun safe da 'ya'yana ba tare da an ƙwanƙwasa ƙofa ba. Laifi ne?

Kuma Garwa ta cika. Unguwannin da kakanninmu suka zauna ba a yanka su don mota ba, wani lungun ko makara sai an karkata ta. Tun da aka buɗe jami'a a 2022 haya sai hawa take. Dole gari ya yi numfashi ta wani wajen. Baban Hanifa kar ka sayar. Ka gyara wa Inna ɗakinta na can, ka sa mata sola, ka riƙa zuwa.

Goggon Yara:
Alhaji Mai Taya, waɗancan shidan da ke zaune a zaurenka, su ne za su ɗauki makararka. Katanga ba ta zuwa jana'iza.

Alhaji Mai Taya:
Goggo Allah ya ba ki haƙuri, ai ban ce na yanke su ba. Kanti na nan, kowa ya san hanya.

Yaron Karal:
Salamu alaikum iyayena. Ni yaro ne a cikinku, ku yafe ni in na yi kuskure. Tun ɗazu ana maganar wajen nan kamar daji ne Allah ya ajiye ba kowa sai da kuka zo. Ni a nan aka haife ni.

Inda wasu gidajen suke, gonarmu ce. Ta tudu muna gero da gyaɗa da auduga, ta fadama kuma masakwa, wato dawar rani, muke dasawa in ruwa ya janye, mu girbe da rani. Da masu saye suka fara zuwa, Baffa ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sayar. Ya sayi moto, ya yi wa ɗaki rufin kwano, ya aurar da yayata, shi ma ya ƙara aure. Cikin shekara biyu kuɗi suka ƙare. Wanda ya saya bai ko gina ba, ya yanka shi huɗu, kashi ɗaya kawai ya mayar masa da abin da ya ba Baffa har da riba. Ba na cewa an zalunce mu, ciniki ne, hannu da hannu. Amma yau ni gadi nake yi a wani gida, kuma tsamiyar da ke tsakar gidan ita ce wadda muke hutawa a gindinta in mun gaji da noma. An zagaye ta da fulawa an sa kujeru.

An ce tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin aikinmu jaka 60 ne, wato sefa dubu 60 a wata. A cikin masu gadin layinmu ban san wanda yake karɓar haka ba. Rijiyar unguwarmu tana ƙafewa kafin Afrilu ya ƙare, ƙannena mata suna wucewa da jarka ta ƙofar gidajen da ake wanke mota da tiyo. Mutum ɗaya ne, Allah ya ji ƙan mahaifansa, ya fito da famfo ta bayan katanga yake buɗewa safe da yamma. Shi kaɗai ne in ya fito yara ke rugawa su gaishe shi da sunansa.

Inna ta ce ba mutane. Akwai mutane, Alhaji. Tsofaffi sa'anninta suna nan bayan layinku, tafiyar minti biyar. Ƙofarku ce ba ta kallon wajenmu.

Maman Iman:
Innalillahi. Yaro ka sa na ji kunya. Shekara uku, ban taɓa taka unguwarku ba sai in ina neman mai wanki.

Alhaji Mai Taya:
Maganar famfo gaskiya ce, na karɓa. Maganar albashi kuma kowa da yarjejeniyarsa, kar a yi mana kuɗin goro.

Tsohon Ma'aikaci:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo, don na ga masu karatu a nan da yawa suna da niyyar saye. Baban Hanifa, kafin ka yi maganar sayarwa ko riƙewa, wace takarda ke hannunka?

Mutanenmu suna ruɗuwa a nan. Takardar da jauro ko lawan ya sa wa hannu da shaidu, shaida ce cewa kun yi ciniki, amma a idon hukumar Kamaru ba ita ce mallaka ba. Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yulin 1974, abin da ke tabbatar da fili naka ne shi ne titir fonsiye, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Duk filin da ba shi da ita yana cikin abin da doka ta kira ƙasar al'umma, gwamnati ce ke kula da shi. Filin da yake da titir kuma ba a cinikinsa a zaure, sai a gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida irin wannan ciniki. Neman titir ɗin ta ofishin suparefe, wato wakilin gwamnati na yanki, ake farawa, kwamiti ya fito ya ga fili, a kira maƙwabtan iyaka, masu awo su kafa duwatsu, a ba da lokaci ko wani zai yi jayayya. Yana cin lokaci, yana cin kuɗi, shi ya sa mutane ke tsallakewa su zuba miliyoyi a gini a kan takardar hannu. Ran da magada suka taso, ko aka wayi gari an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, sai ka ga dattijo yana yawon kotu da farin gemu.

Na biyu, ƙasar kanta. Yaron nan ya ambaci masakwa. Duk inda aka ce maka ana dasa masakwa, baƙar laka ce, karal. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. Gini a kanta in ba a yi tushe mai zurfi da ƙarfe sosai ba, shekara uku bango ya buɗe baki. Dillalai da rani suke kai mutum ganin fili, lokacin ko'ina fes. Ka ce masa sai Agusta. Wanda ya ga abin da Binuwai ta yi a 2012, lokacin da ruwa ya yi yawa har aka saki na madatsar ruwan Lagdo, ba a yi masa wannan nasihar sau biyu.

Baban Hanifa:
Baba, titir na hannu alhamdulillah, wata 14 na yi ina binta. Kuma nawa a tudu yake, jar ƙasa ce.

Abba na Njamena:
Gaisuwa daga Cadi. Kamar labarinmu kuke bayarwa. Mu ma masu hali sun tsallaka kogin Shari sun nufi kudu, Tukra da Kundul, kan hanyar Mandeliya, ana gidaje da lambuna, wasu Juma'a da yamma suke zuwa su koma Lahadi. Yayana ya gina a can ɓangaren. Oktoban 2022 da Shari da Logon suka cika, unguwar Waliya ta nutse, da kwalekwale aka riƙa fito da mutane. Gidansa ruwa ya kai taga. Ina ya koma da mata biyu da yara tara? Tsohon gidanmu na cikin gari, wanda ya ce ya gaji da shi, ɗakin mahaifiyarmu. Wata biyu suna kwana a tabarma. Don haka ni dai abin da zan ce, kowane ka zaɓa, kar ka bari gidan gado ya fita daga hannunku.

Ga kuma gada. Duk wanda ke zaune a ƙetare ya san in bai tsallaka da sassafe ba, ya shiga cunkoso sai Allah.

Direban Marwa:
Ba wanda ya yi lissafin mai, bari in yi. Zuwa da dawowa kilomita 30. Kai yara makaranta, ɗauko su, leƙa Inna da dare, a ce sau biyu a rana, 60 ke nan. Mota mai shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 6. Lita a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Lita 6 sau 840, jaka biyar da 'yan kai kullum. A wata ka haura jaka 150, ban sa taya da baƙin mai ba. Da can zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ke rufa mana asiri, amma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 kwalbar bakin hanya ma ta daina zama ta talaka. Kuɗin nan ya isa hayar gida mai kyau a Plateau.

Ɗan Yelwa:
Ai da an kawo mana wata gasar ƙwallo da an gyara hanyoyin gefen nan ma. Dubi yadda Rumde Ajiya, unguwar filin wasa, ta koma saboda gasar Kofin Afirka ta Janairun 2022. Ko da yake 'yan uwanmu na Yola ba sa son a tuna musu, sun cika gari da tuta, Tunisiya ta sallami Najeriya da ci ɗaya.

Ɗan Jimeta:
Malam kar ka tono. Ku da kuka karɓi baƙi ma ai Masar ce ta tare ku.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Mai son ƙwallo ya buɗe nasa.

Hamman Dang:
Abu ɗaya zan ƙara a kan yara, don na ga ba a taɓo ba. Mu a Ngaundere mun ga irinsa wajen Dang, inda jami'a take. 'Ya'yan da suka tashi a bayan katanga, daga mota sai aji sai waya. Ɗan ƙanwata shekararsa 11, Faransanci kamar ruwa, amma in kakarsa ta yi masa magana da Hausa ko Fulatanci sai ya juya ya kalli uwarsa. Bai san yadda ake durƙusa wa babba ba, bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da sa'anninsa ba. A cikin gari unguwa ce ke koya wa yaro waɗannan, ko kana so ko ba ka so.

Maman Iman:
Hamma, unguwar ce kuma ke koya masa zagi da shan ƙwaya. Ni na ga yaran layinmu na da, na san inda wasunsu suka ƙare. Wannan kam ba zan bi ka ba. Hausa a bakin uwa ake koyonta, in yaro bai iya ba a tambayi gidansu.

Hamman Dang:
To Adda, na ji. Amma uwa ɗaya ba ta zama gari.

Mai Gyaran Sola:
Wanda ke tunanin komawa can don wuta, ya sani layi ɗaya ne da na gari. Duk Lagdo muke kallo, injina huɗu, megawat 72 tun 1982, kuma in ruwan dam ya ja baya ba sa ba da ko kusa da haka. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage zafi, amma mai na'urar sanyi da famfon burtsatse ya tanadi batura masu kyau. Kuma a riƙa wanke faranti lokacin hunturu, ƙura na cinye ƙarfinsu. Na sha zuwa gyara in tarar ba abin da ya lalace, datti ne kawai.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, na karanta duka, wasu sau biyu. Jiya da dare na je wajen Inna na karanta mata, har da na Yaron Karal. Da na zo wajen tsamiya sai ta ce in tsaya, ta tambayi sunan kakarsa. Na ce ban sani ba. Ta ce ka ga irinta ko.

Ba ta ce za ta dawo ba. Abin da ta ce, za ta riƙa zuwa ran Alhamis ta koma Lahadi da yamma bayan ta ci kasuwar Pitoa, don dama can tana son kasuwar saboda busasshen kifi da albasa. Amma da sharuɗɗa. A fasa simintin da na malale bayan ɗakinta, za ta shuka yakuwa da kuɓewa. A kawo mata awakinta uku. A huda ƙaramar ƙofa ta baya wadda ba sai maigadi ya buɗe mata ba. Ƙofar nan ita ce uwargida ba ta yarda da ita ba, ta ce ɓarayi, kuma ban ga laifinta ba, don an shiga gida biyu a layinmu da damina. Har yanzu muna kai ruwa rana. Yayana kuma yana nan a kan bakansa cewa in sayar, wai kwana uku a mako ba riƙon uwa ba ne. Mai saye na ce masa ya ba ni zuwa bayan salla.

Famfon waje dai na yanke shawara, za a sa. Wa ya san mai aikin famfo na kirki a nan kusa?

Yaron Karal:
Alhaji akwai a unguwarmu, shi ya ja na wancan gidan. Zan kawo shi ran Asabar bayan na tashi daga gadi. Kakata kuma ta ce a gaya wa Inna tana gaishe ta, in ta zo Alhamis za ta shigo, ko ta gaba ko ta baya.

Ɗan Yelwa:
Awaki uku da dashen mangwaro a gida ɗaya? Alhaji ka sayi waya ka kewaye su tun yau, in ba haka ba kafin Lahadi sai sanda.

Goggon Yara:
A turke su mana. Wa ya ce maka Inna sakin awaki take yi?